Turba da Burtali: Gadon da Ba Shi da Takarda

A ƙasashen da harkar yawon buɗe ido ta kankama, hanyar ƙafa dukiya ce da ake kashe wa kuɗi, a kafa mata alamu, a sa ta a taswira. Garin Palm Springs da ke hamadar jihar Kalifoniya ta Amurka ya yi suna da otal-otal da wuraren hutawa, amma abin da ke fito da baƙi da dama tun da sassafe shi ne turbobin da suka ratsa kwazazzabai suka hau duwatsun San Jacinto, waɗanda ƙololuwarsu ta wuce mita 3,000. Wasu turbobin tsohon sawun 'yan ƙabilar Cahuilla ne, kuma har yau su ne ke riƙe da wasu kwazazzaban, su ke karɓar kuɗin shiga. Agadas ma ta taɓa cin irin wannan kasuwa, lokacin da Turawa ke zuwa su ɗauki ja-gora da raƙuma su bi hanyoyin duwatsun Azbin zuwa Timiya da Bagzam. A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan babu hamada, babu dutse mai tsawon haka, babu kuma garin da aka gina domin masu hutu. Duk da haka akwai ainihin abin da waɗancan wurare ke sayarwa, wato hanyoyin da ƙafar mutum ta fitar tun ba a san mota ba. Ra'ayina shi ne, waɗannan hanyoyi suna ɓacewa ne saboda an bar su babu mai su a takarda, kuma ceto su ya wajaba domin mai bin su a kan dole, tun kafin a zo maganar mai bin su don nishaɗi.

Wannan yanki na arewacin ƙasar Zazzau shimfiɗaɗɗen tudu ne mai jar ƙasa da marmara, fadamu sun keta shi, duwatsu sun tsaya jefi-jefi. A nan kusa ne ruwan sama ke rabuwa biyu: wanda ya gangara kudu ya faɗa Galma ya bi kogin Kaduna zuwa Kwara, wanda ya gangara arewa kuma ya nufi Challawa da kogin Kano, ya bi ta Haɗeja zuwa wajen Tafkin Chadi. Ƙasa ce mai sauƙin takawa, ga ta kuma tsakanin Zariya da Kano, saboda haka ayarin fatake bai taɓa yanke mata ba. Madugu na gaba, jakuna da takarkarai na biye ɗauke da kanwa da gishiri da rinannun tufafi, a sauka a zango da yamma, a tashi da asuba. A watan Yulin 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya tashi daga Zariya ya bi ta Bebeji zuwa Kano, kuma ta Bebejin ne rundunar Turawa ta Kanar Morland ta bi da ta bar Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Wannan shi ne gwadabe, babbar hanyar fatake da mayaƙa. Ƙarƙashinsa akwai turba, siririyar hanyar da ke haɗa ƙauye da ƙauye, gida da rijiya, unguwa da maƙabarta, gona da kasuwa. Sai kuma burtali, hanyar shanu mai shinge hagu da dama, wadda ke kai garke daga ruga zuwa makiyaya da mashaya ba tare da ya taɓa shukar kowa ba.

Waɗannan hanyoyi ba su tsaya da kansu ba, akwai tsarin da ya riƙe su. Idan damina ta ja baya, mai unguwa kan kira gayya a fito da fartanya da adda a share hanya, a cike inda ruwa ya ci. Shingen aguwa da bini-da-zugu ya tsare iyakar burtali, kowa na ganin inda gona ta ƙare. Kuka da tsamiya da rimi sun zama alamun mararraba da wurin hutawa, kuma a ƙofar gidaje da yawa akan ajiye randar ruwa saboda matafiyi. Wanda ya tura kunyarsa cikin hanya, dagaci zai kira shi, in ya ƙi ji maganar ta kai gaban hakimi ko alƙali. Alƙalin kuwa yana da madogara, domin hadisi ingantacce ya yanke cewa idan aka yi saɓani kan faɗin hanya a bar mata zira'i bakwai, wato mita uku da ɗoriya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum kan mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hurumin da jama'a ke tarayya a kansa. Ke nan hanya tana da masu ita guda uku: al'ada da ke share ta, sarauta da ke tsare ta, da shari'a da ke yanke hukunci a kanta. Ba a bukaci taswira ba a lokacin, saboda iyakokin suna cikin kan dattawan da ake jin maganarsu.

Yawancin mutane kan ɗora alhakin mutuwar turba a kan jirgi da mota da babur, amma idan aka duba da kyau wannan bayani bai cika ba. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Likoro da Gimi, ya karɓe kayan nauyi daga bayan jaki da kan ɗan dako. Kwalta ta biyo baya, titin Zariya zuwa Kano ya zama tagwaye, Tashar Yari ta zama mashigar Makarfi. Daga shekarun 2000 kuma babura masu araha irin su Jincheng da Bajaj suka cika ƙauyuka. Alherin waɗannan abubuwa a fili yake: mai naƙuda tana isa asibiti a kan lokaci, tumatirin da zai ruɓe a hanya yana kwana a kasuwar birni. To amma abin da suka kashe shi ne gwadaben fatake kawai. Turba kuwa sai ma bukatarta ta ƙaru, domin kwandon tumatir da damin rake dole su fito daga fadama kafin su ga titi, kuma babur ɗin kansa turbar yake bi. Masana'antar sarrafa tumatir da aka kafa a Ikara a farkon shekarun 1980, da kasuwar rake da mazarƙwaila ta Makarfi, duk sun dogara ne da ƙananan hanyoyin da babu sunansu a kasafin kuɗin kowace gwamnati. Saboda haka sai a nemi dalilin ɓacewarsu a wani wuri.

Dalili na farko shi ne matsin ƙasa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku sun haura dubu 450, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi, alhali ƙasa ba ta ƙaruwa. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai yanzu an raba shi tsakanin jikoki, saura ta ƙare, injin ban ruwa ya mai da kowace fadama gonar rani. Garmar shanu da tarakta suna son fili miƙaƙƙe, shinge yana tare musu juyi, sai a sare shi. Da zarar shinge ya tafi, iyaka ta tafi. Ba wanda ke fitowa rana ɗaya ya ce ya toshe hanya. Abin da ke faruwa shi ne mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya bana, mai gonar hagu ya ga haka ya ƙara tasa baɗi, cikin 'yan shekaru burtalin da garke ke wucewa a sake ya koma inda amalanke ba ta iya shiga. A bakin garuruwa kuma masu yanka filaye ne ke ƙarasa aikin, a ja igiya, a dasa bulo, turbar da ta kai mutane rafi shekara da shekaru ta wayi gari cikin katangar wani.

Dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne cewa masu tsaron hanya sun rasa ikonsu, ba a kuma naɗa wasu a madadinsu ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma kaɗan ne daga wuraren aka auna aka tabbatar a hukumance. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke ikon gudanarwa daga hannun sarakuna da hakimai, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa rabon filayen karkara ga ƙaramar hukuma. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a jihar Kaduna, matakin da ya sauke wa talaka nauyi mai yawa, kuma ban ga dalilin a yi da-na-saninsa ba. Sai dai a zamanin jangali hukuma tana da riba a zaman makiyayi cikin ƙasarta, saboda haka tana da dalilin kare masa burtali, kuma da wannan dalili ya kau ba a kawo wani ba. Sakamakon shi ne rashin daidaito a gaban shari'a. Gona tana da mai ita, da shaidun ciniki, wani lokaci da takarda mai hatimi. Hanya kuwa ta kowa ce, don haka in an ci ta babu wanda zai bar aikinsa ya je kotu ya tsaya mata. Dagaci na iya yin magana, amma wanda ya ƙi ji ya san maganar ba za ta wuce nan ba.

Asarar da wannan ya jawo ba a rubuta ta a ko'ina, amma ana biyanta kullum. Makiyayin da ya iske burtali a toshe bai da zaɓi sai ya bi ta gona ko ya hau kwalta, na farko ya jawo rikici da manomi, na biyu ya jawo haɗari da mota. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta amince da zirga-zirgar dabbobi tsakanin ƙasashe a kan hanyoyin da aka ware, amma yarjejeniya ba ta da amfani a inda hanyar ta zama gonar masara. Yaran da a da ke yanke ta cikin gonaki zuwa makaranta yanzu gefen titi suke bi, inda manyan motoci ke wucewa. Mai tallar fura da nono, da tsohuwa mai neman itace, da mai kai abinci gona, tafiyarsu ta ƙara tsawo. Aka kuma ga darajar hanyar ƙafa ƙarara bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur. Kuɗin acaɓa ya tashi, mutane da yawa suka koma takawa zuwa kasuwa da gona, kuma wanda gajeriyar hanyarsa ta rufe shi ya fi jin jiki.

Ingila ta taɓa shiga irin wannan hali, kuma yadda ta fita abin nazari ne. Masu manyan filaye sun killace tsaunuka sun hana talakawa bi, har a watan Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Manchester da kewaye suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, aka ɗaure wasu daga cikinsu. Shekara 17 bayan haka, a 1949, majalisa ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi su zana taswirar duk wata hanyar da jama'a ke da haƙƙin bi. Yau Ingila da Wales suna da irin waɗannan hanyoyi sama da kilomita dubu 200, da yawansu ta tsakiyar gonakin mutane suka ratsa. Ƙasar tana nan a hannun manomi, jama'a haƙƙin wucewa kawai suke da shi, kuma manomin da ya yi huɗa a kan hanyar dole ya maido da ita cikin mako biyu. Abin lura shi ne Turawan ba su ƙirƙiro hanyoyin ba, tsofaffin turbobin coci da kasuwa da makiyaya ne. Abin da suka yi kawai shi ne sun ɗauko su daga ƙwaƙwalwar dattawa sun sa a takarda kafin dattawan su ƙare. Wannan shi ne matakin da mu ba mu ɗauka ba.

Mai suka zai ce tafiyar ƙafa alamar talauci ce, kuma mutumin da ya sha wahalarta ba ya bukatar a yi masa waƙar daɗinta. Wannan magana tana da gaskiya, domin wanda ya ɗauki buhun masara a ka daga gona zuwa gida ba shaƙatawa yake yi ba. Amma kare turba bai hana kowa hawa babur ba, hasali ma yana tabbatar masa da inda zai bi. Kuma wadata da kanta tana dawo da mutum kan tafiyar ƙafa ta wata ƙofa. Hawan jini da ciwon suga sun zama ruwan dare a garuruwanmu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Malamin makaranta ko ɗan kasuwar da likita ya ce ya riƙa takawa, a ina zai taka idan abin da ya rage shi ne gefen kwalta? Talaka yana bukatar turba yau, mai hali zai bukace ta gobe, kuma idan ta rufe kuɗi mai yawa ne zai sake buɗe ta.

Wani zai ce manomi ma yunwa ce ta sa ya ci hanya, kuma zalunci ne a ƙwace masa abin da yake ciyar da iyali da shi. Ban raina wannan hujja ba, amma a auna ribar da asarar. Kunya biyu a tsawon gona ba za su ba da abin da ya kai ɓarnar dare ɗaya da shanu za su yi ba idan suka rasa mafita, balle a zo ga kuɗin zuwa ofishin 'yan sanda ko asarar rai. Shi kansa manomin yana cutuwa, domin gonar da amalanke ba ta isa gare ta taki ba ya kai mata da sauƙi, amfani ba ya fita da sauƙi, farashinta ma yakan faɗi ranar sayarwa. Adalci shi ne a yi awo bayan an kawar da amfanin gona, a gaban shaidu daga manoma da makiyaya, wanda gyaran ya ci masa da yawa a biya shi diyya ko a ba shi musanya. Abin da ba adalci ba ne shi ne mutum ɗaya ya cinye haƙƙin gari don kawai garin bai rubuta haƙƙinsa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsaro. A shekarun nan da satar mutane ta addabi sassan jihar Kaduna da Katsina, wa zai shiga daji da ƙafa don sha'awa? Agadas ta nuna yadda abin yake da sauri: an sa duwatsun Azbin da hamadar Tenere cikin wuraren tarihi na UNESCO a 1991, amma tawayen 2007 da sace ma'aikatan haƙar yuraniyom a Arlit a 2010 suka kori baƙi, ja-gorori da masu otal suka rasa abin yi. Ba shakka babu yawon buɗe ido sai da zaman lafiya, kuma Bahaushe ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sai dai wannan hujja tana rushe maganar baƙi ne kawai, ba ta taɓa maganar 'yan gari ba, waɗanda ko da tsaro ko babu dole su je gona. Ƙari a kan haka, hanyar da ake bi safe da yamma tana da idanu a kanta, baƙon fuska ba ya wucewa ba a gan shi ba. Wadda aka bari ciyawa ta cinye ita ce maɓoyar ɓarawo. Kuma duk burtalin da aka buɗe ya rage dalili ɗaya na gaba tsakanin manomi da makiyayi, gabar da ke cikin abubuwan da suka haifi rashin tsaron tun farko.

Saura masu cewa ba mu da abin kallo da zai jawo kowa. A nan tarihin maƙwabta yana da darasi. A zamanin Gwamna Audu Bako an gina madatsar ruwa ta Tiga da ta Bagauda a kudancin Kano, kusa da iyakar Ikara, aka yi musu otal-otal na alfarma domin masu hutu. Gine-ginen Bagauda yau makarantar horar da lauyoyi ce. An fara da gini mai tsada wanda ke jiran baƙo daga nesa, shi kuwa irin wannan gini da zarar kuɗin gwamnati ya ja baya sai ya durƙushe. Hanyar ƙafa kuwa ba ta cin kuɗin kulawa sai kaɗan, kuma masu amfani da ita na farko suna nan a gida. Matasa suna hawan Dala a Kano, ɗalibai suna hawan Kufena a Zariya, Turunku na nan da tarihin Bakwa da Sarauniya Amina. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da zai taka daga Likoro ya bi ta gonakin rake da wuraren dafa mazarƙwaila, ya ga tsohuwar hanyar fatake da idonsa, zai koyi abin da aji ba zai ba shi ba, kuma zai sayi abinci da ruwa a hannun mutanen ƙauye. Wannan ƙaramar kasuwa ce, amma ta gaskiya ce, kuma ba za ta samu ba sai hanyar tana nan.

Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. A kowace gunduma, daga Paki da Auchan zuwa Gazara da Gubuchi da Hunƙuyi, a haɗa dagaci da arɗo da limami da wakilan manoma da na mata, a bi kowace turba da kowane burtali da ƙafa a lokacin rani, matasa masu wayar hannu suna ɗaukar awon wurin. A zana taswira, a liƙa ta a fadar hakimi da sakatariya na wasu watanni domin mai ƙorafi ya kawo, sannan majalisar ƙaramar hukuma ta mai da ita doka, ta yadda babu takardar filin da za a sa wa hannu idan ta ci hanya. A maido da shinge mai rai da bishiyoyin inuwa, a maido da gayyar shara bayan damina, a ba dagaci ikon kai ƙara da sunan gari. Dalilin gaggawa shi ne shaidun wannan gado mutane ne masu shekara saba'in da tamanin, waɗanda suka san inda burtali ya bi kafin a sare shingensa. Muddin suna raye, maganarsu hujja ce da kotu za ta iya karɓa. Bayan su, mai katanga ne kaɗai zai zo da takarda, kuma alƙali da abin da ke gabansa yake hukunci. Shugaban ƙaramar hukumar da ya kammala wannan awo cikin wa'adinsa ya yi wa jama'arsa aikin da zai daɗe fiye da yawancin kwangilolin da ake yanke wa ƙyalle.